Ta yaya kalsiyam mai tayarwa yake kuma taka wa ƙwaƙwalwa birki?

Wata ɗaliba 'yar Agege, da ke shekara ta biyu a karatun haɗa magunguna a nan Legas, ta turo mini wannan tambaya: "Malam, a aji an ce mana idan kalsiyam ya shiga ƙwayar jijiya tayar da ita yake yi. Sai kuma aka ce ƙofofin kalsiyam ne ke sarrafa fitar GABA, sinadarin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa. Ta yaya abu ɗaya zai tayar kuma ya kwantar? Na biyu, Babana yana shan amlodifin saboda hawan jini, an ce toshe ƙofar kalsiyam yake yi. Ba zai taɓa masa ƙwaƙwalwa ba?"

'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Na ji daɗin tambayar nan, domin a daidai wannan gaɓar ɗalibai da yawa ke haddace darasi su wuce ba su gane ba.

Abin da ya rikita ki shi ne kin haɗa ƙwayoyi biyu kin mai da su ɗaya. Akwai mai aika saƙo, akwai mai karɓa. Kalsiyam ɗin da muke magana a kai yana shiga ne a bakin zaren mai aikawa, wato ƙarshen zaren da ƙwayar ke tura saƙo ta cikinsa, kuma umarni guda ɗaya tak ya iya bayarwa: a sauke kaya. Ki tuna kasuwar Mile 12 da asuba. Tirela ta kwana a hanya daga Kano, mai kaya ya ɗaga murya ya ce a sauke, 'yan dako suka hau. Muryar tasa ɗaya ce, ko tumatir ke cikin motar ko albasa. Haka kalsiyam yake. A bakin zaren akwai ƙananan jakunkuna cike da sinadarin saƙo. Idan gulutamet ne a cikinsu, sinadari mai tayarwa, ƙwayar da ke gaba za ta tashi. Idan GABA ne, zai haye ya buɗe mata ƙofar kolorayid, kolorayid ya kwarara ciki, wutar cikinta ta yi ƙasa, ta yi shiru. Ke nan kwantarwar a wurin mai karɓa take faruwa. Ita kuwa mai aika GABA, sai ta tashi tukuna, ta harba nata saƙon, kalsiyam ya shige ta, kafin ta iya rufe wa wata baki.

Ina so wannan ya zauna miki sosai. Shirun ƙwaƙwalwa aiki ne da ake yi da ƙarfi. Direban danfo da ke gangarowa daga gada, idan ya ɗage ƙafa daga totur kawai motar ba za ta tsaya ba, sai ya taka birki. A ɓawon ƙwaƙwalwa, kusan ɗaya cikin kowane biyar na ƙwayoyin jijiya aikinsu ke nan, taka birki dare da rana. Tun 1950 Eugene Roberts ya gano GABA a ƙwaƙwalwa, kuma a lakar baya GABA yana da abokin aiki, wani sinadari mai suna gilaisin.

Ban san muhimmancin birkin nan da idona ba sai ranar da na fara tsayawa a kan mai tetanus, cutar sarƙe haƙora. Matashi ne, ƙusa ya taka a wurin gini. An kwantar da shi a ɗaki mai duhu, an saki labule, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Wani ya saki ƙofa ta bugu, nan take bayansa ya lanƙwashe kamar baka, haƙora suka datse, gumi ya keto masa, alhali idonsa biyu, yana jin komai. Dafin ƙwayar cutar yana bin jijiya ya hau lakar baya, ya shiga bakin zaren ƙwayoyin birki, ya datse igiyar da ke jawo jakar GABA da gilaisin zuwa bangon ƙwayar. A 1992 aka tabbatar da wace igiya ce, sinaptobirebin. Ƙofar kalsiyam lafiyarta ƙalau a wannan cuta, umarni yana zuwa, amma babu mai sauke kayan. Ƙarar ƙofa ɗaya ta ishi dukan tsokar jiki ta ɗaure.

Yanzu ga yadda umarnin ke tafiya. A wajen ƙwaya kalsiyam ya fi na ciki yawa sau dubu goma ko fiye, kamar ruwa a bayan madatsa. Idan saƙon lantarki ya iso bakin zare, ƙofofin da ke jin canjin wuta sai su buɗe na ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kalsiyam ya faɗo ciki, ya kama wani furotin da ke jikin jaka mai suna sinaptotagmin, shi kuma ya sa igiyoyin da suka riga suka ɗaure jakar da bango su ƙarasa ja. Jakar, wadda faɗinta bai wuce nanomita 40 ba, ta haɗe da bango ta zubar da GABA cikin ratar da ke tsakanin ƙwayoyin biyu, rata mai kimanin nanomita 20 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Bernard Katz da Ricardo Miledi ne suka nuna a shekarun 1960, a kan jijiyar kwaɗo da ta wata dabbar teku, cewa in babu kalsiyam a waje a daidai lokacin da saƙo ya iso, babu abin da ke fita. Katz ya sami kyautar Nobel a 1970. Thomas Südhof, wanda ya yi aikin sinaptotagmin, ya samu tasa a 2013.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata mai haɗa magani ya riƙe. A 1967 Dodge da Rahamimoff sun auna suka ga fitar saƙo ba ta bin kalsiyam kai da kai. Tana bin ninkinsa sau huɗu a kansa. Idan kalsiyam ya ninka biyu, saƙo yana iya ninkawa sha shida. Idan kuma aka rage shigarsa da kashi 20 cikin ɗari kacal, abin da zai fita bai wuce kashi 41 ba, wato fiye da rabi ya tafi. Shi ya sa duk mai son juya ƙarfin birki, ko jiki ne da kansa ko magani ko guba, ƙofar yake nufa. Taɓi kaɗan a nan, canji babba a can.

Ƙofofin ba iri ɗaya ba ne. Ƙwayoyin gado goma ne ke gina gangar jikinsu, an kasa su gida uku. Gida na farko, Cav1, shi ake kira nau'in L, yana da yawa a zuciya da tsokar jijiyoyin jini. Gida na uku, Cav3, nau'in T ne, mai buɗewa da ɗan ƙaramin canjin wuta, yana taimaka wa ƙwayoyi su riƙa bugawa da kari. Na tsakiya, Cav2, shi ne namu, domin shi ke zaune a bakin zare kusa da jakunkuna: P/Q wato Cav2.1, da N wato Cav2.2, da R wato Cav2.3. An raɗa wa N suna a 1985 a ɗakin binciken Richard Tsien. P kuwa daga ƙwayoyin Purkinje na ƙaramar ƙwaƙwalwa ta samo harafinta, inda Rodolfo Llinás ya siffanta ta a 1989.

Za ki ce ta yaya aka bambance abin da ido ba ya gani. Da dafi. Baldomero Olivera, ɗan ƙasar Filifin da ke aiki a Utah ta Amurka, ya tace dafin wani dodon koɗi na teku mai farautar kifi, aka sami wani yanki, konotoksin, da ke toshe N shi kaɗai. Daga dafin wani gizo-gizo na Amurka kuma aka sami agatoksin, mai toshe P/Q. Dabbobin nan biyu sun ba mu makullai da babu wani ɗakin haɗa magani da ya iya ƙerawa a lokacin. Daga dangin dodon koɗin ma har magani ya fito, zikonotayid, wanda Amurka ta amince da shi a 2004 don matsanancin ciwo, ana zuba shi cikin ruwan lakar baya.

Bari in kai ki teburin gwaji, don ki ga abin kusa. Ana yanka ƙwaƙwalwar ɓera sala-sala, siririya har haske na ratsawa, a ajiye cikin ruwan gishiri mai kumfar iska. A ƙarƙashin madubin ƙara girma sai a nemo ƙwayoyi biyu maƙwabta a hifokamfus, sashen da ke ajiye tunawa: ɗaya ta birki, ɗaya mai karɓa. A manna wa kowace tsinken gilashi mai rami, a hankali, mutum har numfashi yake riƙewa kada hannu ya girgiza. A tsokani ta farko, sai a ga layi a allon kwamfuta ya yi tsalle a ta biyu. Wannan tsallen GABA ne. Sai a ɗiga dafin gizo-gizo a ruwan, a jira. A wasu ƙwayoyin tsallen zai yi ta raguwa har layin ya miƙe ɗoɗar, alhali dafin dodon koɗi bai yi musu komai ba. A wasu kuma akasin haka ne. Ga ƙwayoyi biyu masu kama da juna, duka GABA suke zubarwa, duka sun naɗe jikin ƙwayar da suke tsaro kamar kwando, amma kowace da ƙofarta.

A ganina nan ne zuciyar amsarki take. Ta farko ana gane ta da furotin farbalbumin, a taƙaice PV. Ita P/Q kaɗai take amfani da shi. Ta biyu ana gane ta da wani ɗan furotin, CCK, ita kuma N take amfani da shi. Ɗakin binciken Peter Jonas a Freiburg ta Jamus ya bi su ɗaya bayan ɗaya tsakanin 2005 da 2010, kuma abin da ya fito ya wuce bambancin suna. A ƙwayar PV, ƙofar tana manne da jakar, tazarar nanomita 10 zuwa 20 ce, kuma ƙofa biyu ko uku sun isa su sa jaka ta fashe. Kamar ki raɗa wa wadda kuke zaune tabarma ɗaya ne. Ta ji nan take, ba wanda ya isa ya tare maganar a hanya, kuma da kin yi shiru zance ya ƙare. A ƙwayar CCK ƙofar tana nesa da jakar. Wannan kamar kiran mutum ne daga wancan layin kasuwa: sai murya ta taru, amsa takan makara, kuma bayan kin daina kira ma ana ci gaba da amsawa jefi-jefi. Idan aka tsokani ƙwayar CCK a jere da sauri, GABA yakan ci gaba da ɗiga bayan saƙon ya wuce, har tsawon ɗaruruwan kashi cikin dubu na daƙiƙa.

Dabarar da aka auna wannan tazara da ita tana burge ni har yau. Akwai sinadarai biyu masu cafke kalsiyam, EGTA da BAPTA. Ƙarfin riƙonsu kusan ɗaya ne, amma BAPTA ya fi saurin cafka nesa ba kusa ba. Idan aka cika bakin zare da EGTA mai nawa, kuma saƙo ya ci gaba da fita, to kalsiyam ya riga shi isa jaka, ke nan hanyar gajera ce. Idan EGTA ya iya rage saƙon, hanyar doguwa ce. Ƙwayar PV ba ta damu da EGTA ba, ta CCK kuwa tana jin sa. Da gudun sinadari aka auna nisan da madubi ya kasa nunawa.

Me wannan ya haifar? Ƙwaƙwalwa ta sami birki iri biyu. Na PV mai kaifi ne, yana kamawa yana saki a kan lokaci, yana iya bugawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Shi ke yi wa dubban ƙwayoyi kiɗa su tashi tare su kwanta tare, a karin da ake kira gamma, sau 30 zuwa 80 a daƙiƙa, wanda ke bayyana idan mutum ya tattara hankali. Na CCK mai laushi ne, yana jan lokaci, kuma an bar shi a buɗe ga masu juya shi.

Masu juya ƙofar su ne kashi na gaba. A bakin zare akwai makarɓai, wuraren da sinadarin saƙo ke kamawa, da ke haɗe da wani furotin mai suna G. Idan aka taɓa su, wani ɓangare na furotin ɗin yakan ɓalle ya je ya rataya a jikin ƙofar kalsiyam, ta yi nauyin buɗewa. An nuna hakan ƙarara a 1996, kuma N ta fi P/Q jin wannan riƙo. Ki haɗa da lissafin ninki huɗu, za ki ga dalilin da ya sa ɗan riƙo kaɗan ke kashe saƙo kusan gaba ɗaya. GABA da kansa yana yin haka: idan ya yi yawa a rata, yakan koma ya taɓa makarɓin GABA-B a kan zaren da ya fito, ya ce ya isa. Baklofen da za ki riƙa bayarwa don ɗaurewar tsoka, wannan makarɓin yake kamawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mai karɓa ma yana da baki. Idan ƙwayar da ake tsaro ta yi aiki da ƙarfi, kalsiyam ya taru a cikinta, takan ƙera wani sinadari mai maiƙo ta tura shi baya, ya haye ratar, ya kama makarɓin CB1 a kan zaren CCK, ƙofar N ta rufe, birki ya saki na 'yan daƙiƙoƙi. Wilson da Nicoll na cikin waɗanda suka gano ɗan aiken nan a 2001. Makarɓin CB1 ɗin nan shi ne wanda sinadarin tabar wiwi ke kamawa. Jiki yana sakin nasa a wuri ɗaya, na ɗan lokaci, inda ake bukata. Hayaƙin wiwi kuwa yana kama makarɓan ko'ina, na sa'o'i, har da waɗanda ke kan zaren gulutamet, tsarin lokacin ya watse. Yaron da ke sha ya kasa riƙe karatun jiya, a hifokamfus abin ke faruwa. Kodin da dangin mofin su ma hanyar furotin G suke bi. A tsakiyar ƙwaƙwalwa suna rufe bakin ƙwayoyin GABA da ke tsare masu fitar da dofamin, dofamin ya ɓalle, daɗi ya zo, kamu ya biyo baya. Duk wanda ya ga abin da maganin tari mai kodin ya yi wa matasanmu kafin gwamnati ta hana shi a 2018 ya san ƙarshen labarin. Ki lura, a nan maganin bai tayar da komai kai tsaye ba. Mai gadi ya sa wa barci.

Sai cuta. Ƙwayar gadon da ke gina P/Q sunanta CACNA1A, tana kan kuromosom na 19. A 1996 aka danganta lahaninta da cututtuka biyu na gado: wani ciwon ɓarin kai mai zuwa da shanyewar rabin jiki na ɗan lokaci, da wata tangaɗi mai zuwa ta tafi. Tangaɗin ba abin mamaki ba ne, tunda ƙwayoyin Purkinje, waɗanda su kaɗai ke fitar da saƙo daga ɓawon ƙaramar ƙwaƙwalwa mai daidaita motsin jiki, su kansu GABA suke zubarwa, kuma cike suke da P/Q. Wasu masu wannan lahani kuma suna da farfaɗiya, musamman irin wadda yaro zai ƙura ido ya ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi ya dawo bai san an yi ba. Da tunaninki na farko za ki ce rage ƙofar kalsiyam ai kwantar da ƙwaƙwalwa zai yi. A 2013 Elsa Rossignol da abokan aikinta suka cire wannan ƙwayar gado daga ƙwayoyin birki na ɓawon ƙwaƙwalwar ɓeraye, suka bar ta a masu tayarwa. GABA daga ƙwayoyin PV ya ragu, ɓerayen suka kamu da farfaɗiya mai game ƙwaƙwalwa. Ƙwayar da ta dogara da ƙofa iri ɗaya, in ƙofar ta lalace, ita ce ta fi shan wahala.

Kada ki ɗauka wannan ne sanadin yawancin farfaɗiyar da za ki gani a kanti. Lahanin nan ba kasafai ake samunsa ba. A wurinmu wahalar haihuwa, da buguwar kai a hatsarin babur, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai sun fi yawa. Amma duk inda ta fito, rinjayen tayarwa a kan birki ne, cuta ce ta jiki mai magani, ba a ɗaukarta ta yawu. Ina roƙonki ki riƙa faɗa wa iyaye wannan da bakinki, da Hausa, domin yara da yawa an cire su daga makaranta a kan abin da ƙwaya ɗaya safe da yamma za ta riƙe.

Tarko biyu nake so ki tsallake, a jarrabawa da kuma a bakin aiki. Na farko gabafentin da firigabalin. Sunansu na ɗauke da GABA, an ma ƙera su da siffarsa, amma ba sa kama makarɓinsa. A 1996 aka gano cewa wani ɗan rakiyar ƙofar kalsiyam suke kamawa, alfa-2-delta, wanda ke taimaka wa ƙofar ta isa bakin zare. Diyazefam da fenobabiton su ne ke aiki a wancan gefen ratar, a kan makarɓin GABA-A. Etosuksimayid kuma, maganin farfaɗiyar ƙura ido, nau'in T yake ragewa a talamus, wani sashe na can cikin ƙwaƙwalwa. Tarko na biyu: idan kalsiyam ya yi ƙasa a jini, mutum jijjiga yake yi, yatsu su ƙage, ba kwanciya ba. Dalilin a wata ƙofar yake. Kalsiyam na waje yana zama a fuskar bangon ƙwaya ya sa ƙofofin sodiyam su yi nauyin buɗewa. In ya ragu sai su riƙa buɗewa da ɗan abu kaɗan, jijiyoyi su yi ta harbi da kansu.

Batun Baba kuwa, ki kwantar da hankalinki. Amlodifin gidan L yake toshewa, kuma aikinsa a tsokar da ke zagaye jijiyoyin jini yake, ta saki, hanya ta buɗe, jini ya sauka. Akwai L a ƙwaƙwalwa, amma galibi a jikin ƙwaya da rassanta yake, ba shi ke ba da umarnin sauke jakunkunan GABA cikin gaggawa ba. P/Q da N, masu wannan aiki, awon da ake sha ba ya rufe su. Abin da ke barazana ga ƙwaƙwalwarsa shi ne hawan jinin kansa in aka bar shi, domin shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Ya ci gaba da sha kullum kamar yadda likitansa ya rubuta, ko da ya ji garau, kada ya ajiye don an auna an ga ya sauka. Ki riƙa duba idon sawunsa da yamma, saboda maganin yakan kawo kumburin ƙafa, wasu kuma jiri ko ciwon kai a makonnin farko. In kin ga haka, ku koma wurin likita ya duba awon ko ya canza masa wani. Ki gaishe mini da shi.